Kafin a yi mana zancen Landan, a fara kai mu Sakkwato

Duk sanda aka taso da maganar farfaɗo da kamfanin jiragen sama na gwamnati, abunda ake fara nuna mana shi ne fenti da tambari, sai kuma lissafin birane, Landan, Dubai, Amurka, kaman dai ɗan Najeriya bashi da wata tafiya sai ta ƙetare. Ni a Agege nake zaune, jiragen da suke sauka Ikeja ta saman unguwarmu suke wucewa safe da dare, kuma cikin mutanen da nake zama da su, 'yan kayan gwari na Mile 12, 'yan canji, masu sayar da raguna a Alaba Rago, masu gadi, 'yan acaɓa da aka kora suka koma tura baro, da wuya ka samu wanda damuwarsa Landan ce. Damuwarsu gida. Yanda mutum zai tashi daga Legas ya isa Sakkwato ko Yola ko Maiduguri a rana ɗaya, da ransa da lafiyarsa, ba tare da ya sayar da jarinsa ba. Ina cikin masu son ƙasar nan ta samu kamfanin jirgi nata wallahi, amma in ba daga wannan tambayar za'a fara ba to gara a bar kuɗin a baitulmali.

Yaran yanzu da yawa basu san mun taɓa yin kamfanin da ake ji da shi ba. Asalinsa tun 1946 ne, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka kafa kamfani ɗaya na haɗin gwiwa ma Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, ana ce masa WAAC, hedkwatarsa nan Ikeja. Da Gana ta samu 'yanci ta ware ta kafa nata, sai haɗakar ta watse, a watan Oktoban 1958 namu ya fara aiki, gwamnati tana da kashi 51 cikin ɗari, sauran na kamfanonin Ingila guda biyu ne, BOAC da Elder Dempster mai jiragen ruwa. A 1961 gwamnati ta saye kasonsu ya zama namu ɗungurungum, sunan Nigeria Airways kuma a hukumance a 1971 ya tabbata. Kore da fari, ga giwa mai fukafukai a jiki. Zuwa farkon shekarun 1980 jiragensa sun kai wajen talatin, akwai DC-10 manya, akwai Boeing 707 da 727 da 737, akwai Fokker ƙanana na cikin gida, daga baya Airbus A310 suka zo.

Eh ya je Landan, ya je New York, ya je Rum da Amsadam da Nairobi da Jidda. Amma ni taswirar cikin gida ce take tsaya min a rai. Kano, Kaduna, Jos, Sakkwato, Maiduguri, Yola, Makurɗi, Inugu, Fatakwal, Kalaba, Binin, Badun, Ilori. Ka kalli jerin nan da kyau, akwai garuruwan da ko a wancan lokacin ba lallai su cika jirgi kullum ba, amma ana zuwa, saboda tunanin da aka yi shi ne ƙasa ɗaya ce kuma dole a ɗinke ta, ribar da aka samu a hanyar Legas zuwa Landan ko Legas zuwa Kano ita zata ɗauki nauyin hanyar da bata kawo komai. Haka nan maƙwabta, Akra, Abijan, Lome, Kwatano, Duwala, Dakar, Yamai. Bahaushe ɗan kasuwa da yake da 'yan'uwa a zango a Akra ko Abijan yana da jirgin ƙasarsa da zai kai shi. Yau kuwa sau da yawa in zaka je wani birnin a Afirka ta Yamma sai ka fara sauka Lome ka jira ASKY, kamfanin jirgin da aka fara a Togo a 2010 da taimakon Habasha, a ƙasar da yawan mutanenta duka bai kai na Legas ba.

Kano ma nata labarin daban ne, kuma yana min ciwo. Jirgin sama na farko da ya taɓa sauka a Najeriya a Kano ya sauka, a watan Nuwamban 1925, jiragen sojan saman Ingila ne. Filin jirgin Kano shi ne mafi tsufa a ƙasar nan, tun 1936 ake jigilar fasinja a cikinsa, jiragen Turai masu tsallaka sahara nan suke yada zango su sha mai. KLM, kamfanin jirgin ƙasar Holan, ya shekara sama da sittin yana sauka Kano kafin ya tattara a 2012. Wato akwai lokacin da mutumin Arewa in zai fita waje bashi da buƙatar ya zo Ikko ko Abuja, daga gida yake tashi. 'Yan Kano-Jidda da ake ta ambata ai a kan wannan hanyar sana'arsu ta ginu. Duk wani sabon tsari da zai ɗauki Kano a matsayin tasha ta gefe, gaskiya bai karanta tarihin sufurin saman ƙasar nan ba.

Abunda yasa nake ɗaukan maganar da zafi shi ne mu mazauna Kurmi mun san me nisa yake nufi. Mu Musulmi ba ma ajiye gawa. In aka kira ka da asuba akace mahaifinka ya rasu a Sakkwato, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, wani lokacin ma kafin azahar. Na ga wani maƙwabcina ranar da irin wannan kiran ya same shi, yana tsaye a ƙofar shago da waya a hannu yana duba tikiti, ƙaramar jakarsa a rataye ko zif bai ja ba, jirgin da ya samu sai ya bi ta Abuja ya jira na biyu, kuɗin kuma in aka haɗa ya fi abunda yake samu a wata biyu, 'yan'uwa suka fara karo-karo nan take wannan ya kawo dubu goma wancan dubu biyar, ana cikin haɗawa aka sake kira akace an tafi maƙabarta. Ya zauna a kan benci ya yi salati, da yamma ya je ya hau doguwar bas ta dare dan ya samu zaman makoki. Hanyar nan ta fi kilomita dubu, kwana ake a kanta a wuni, ga ramuka ga shingayen jami'ai ga fargaban masu garkuwa da mutane. A jirgi kuwa tafiyar bata kai awa biyu ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, tikitin tafiya ɗaya zuwa Arewa kuma ya daɗe da wuce haka. To wa ake yi ma jirgin?

Sai dai kar son abun ya sa mu yi ma kanmu ƙarya a kan yanda Nigeria Airways ya mutu. Ba Turawa suka kashe shi ba, ba kuma ƙaddara kawai bace, da hannunmu muka yi. Duk wanda ya yi zamanin zai baka labarin yanda ake sayar da tikiti fiye da kujeru, a buɗe ƙofa fasinjoji su kwasa da gudu zuwa bakin jirgi, mai ƙarfi ya samu wuri mai rauni ya kwana a filin jirgi da tikitinsa a hannu. Manya suna hawa da iyalansu a kan takardar gwamnati, ma'aikatu suna cin bashin tikiti basa biya, a tsayar da jirgi cike da mutane ana jiran mutum ɗaya, a ɗauke jirgin fasinja a ba tawagar shugaba. Ma'aikata suka yi yawa har suka fi ƙarfin jiragen, dan kowane babba yana da yaran da zai cusa. Shugabannin kamfanin kuwa ana canza su duk sanda gwamnati ta canza ko minista ya canza, ba wanda yake daɗewa har ya ga ƙarshen abunda ya fara. An kawo KLM a 1979 suka riƙe shi shekara biyu, suna tafiya aka koma gidan jiya. Har a cikin rikicin siyasa an tsoma shi, kowa ya san jirgin Nigeria Airways ne aka ajiye a filin Stansted na Ingila a 1984 yana jiran akwatin da aka saka tsohon minista Umaru Dikko a ciki dan a sato shi. Kamfanin da ake ma haka ko kuɗinsa sun kai yashin Bar Beach sai sun ƙare. Bashi ya taru a waje, jirage suka riƙa tafiya gyara basa dawowa dan ba kuɗin biya, daga talatin aka dawo ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, a 2003 ya daina tashi, a 2004 gwamnatin Obasanjo ta rufe shi aka shiga gwanjon kadarori. An kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Obiora Nwazota, ya yi aikinsa ya miƙa rahoto, talaka dai har yau yana jiran ya ga an hukunta wani babba.

Kuma akwai jini a cikin tarihin nan, mu 'yan Arewa mun fi kowa sani. Ranar 22 ga Janairun 1973 jirgin Boeing 707 na ƙasar Jodan da Nigeria Airways ya yi haya dan kwaso alhazai, ya taso daga Jidda zai zo Legas, yanayi ya sa aka karkatar da shi Kano, ya yi hatsari wajen sauka mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yulin 1991 kuma wani DC-8 da aka ɗauko ma Nigeria Airways haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato, mutum 261 ne a ciki ba wanda ya fita. Binciken da aka yi ya nuna tayoyin basu da isasshiyar iska, kuma an lura da haka kafin tashi amma aka zaɓi kar a makara, tayoyin suka fashe suka kama wuta aka naɗe su cikin jirgin da wutar. Allah ya jiƙansu ya sa Aljanna ce makomarsu. Har yau akwai gidaje a Sakkwato da Kebbi da Zamfara da in ka ambaci shekarar nan sai an yi shiru. Ina kawo wannan ne saboda duk mai cewa a dawo da kamfanin gwamnati dole ya faɗa mana waye zai iya cewa jirgin nan ba zai tashi ba sai an gyara, kuma maganarsa ta zauna ko da minista ne yake waya.

Ma'aikatan da aka sallama fa? Dubbai ne, matuƙa, injiniyoyi, masu hidima cikin jirgi, masu lodin kaya, da yawansu nan Ikeja da Agege da Mafoluku da Shasha suka ƙare rayuwarsu. Shekara da shekaru suna zanga-zanga da kwalaye a hannu suna neman haƙƙinsu na sallama, sai a 2018 gwamnatin Buhari ta saki naira biliyan 22 da ɗoriya, kusan rabin abunda suke bi, lokacin da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Waɗannan mutanen su ne dukiyar da muka zubar, wasunsu a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya aka horar da su, wadda aka kafa tun 1964, ƙasa ta kashe kuɗi a kansu sannan ta watsar. Fenti ana sake shi a sati ɗaya, injiniyan da ya san cikin injin jirgi kuwa sai an shekara goma ana rainonsa.

Bayan nan sau biyu aka sake gwadawa. Virgin Nigeria ya fara tashi a 2005, Virgin Atlantic na da kashi 49, 'yan kasuwan gida na da 51, ya fara da kyau, sai a 2008 rigima ta ɓarke da gwamnati a kan daga wane ɓangaren filin jirgin Legas zai riƙa tashin jiragen cikin gida, Virgin suka janye, suna ya koma Nigerian Eagle, ya sake komawa Air Nigeria, a 2012 ya rufe. Darasin a fili yake, yarjejeniyar da gwamnati ɗaya ta sa ma hannu wata ta zo ta taka. Sai Nigeria Air, wanda minista Hadi Sirika ya je ya ƙaddamar da sunansa da tambarinsa a bikin baje kolin jirage na Farnborough a Ingila a watan Yulin 2018, bayan wata biyu aka dakatar, aka dawo da shi a 2022 da tsarin Ethiopian Airlines su ɗauki kashi 49, 'yan kasuwan Najeriya 46, gwamnati 5, kamfanonin jiragen gida suka garzaya kotu a nan Legas. Ranar 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, wani Boeing 737 ya sauka Abuja da rubutun Nigeria Air a jikinsa, daga baya shugaban riƙo na kamfanin ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa hayarsa aka yi daga Habasha. Gwamnatin da ta biyo baya ta dakatar da shirin, a watan Agustan 2024 kuma kotun tarayya ta soke cinikin. Shekara biyar ana abu ɗaya, ko fasinja ɗaya ba'a ɗauka ba. Raina ya ɓaci ranar da na ga hoton jirgin nan, dan na san akwai talakawan da suka yi murna da gaske.

Wasu abokaina suna cewa to a haƙura mana, gwamnati bata iya kasuwanci, ga Air Afrique ya mutu a 2002, Ghana Airways ya bi sahu, na Afirka ta Kudu ma sai da ya durƙushe a 2019, a bar ma 'yan kasuwa kawai. Suna da hujja, kuma ina jinjina ma 'yan kasuwanmu, marigayi Ɗan Kabo da ya kafa Kabo Air tun 1980, Chanchangi, IRS, yanzu ga Max Air da Rano, ga Air Peace da ya fara zuwa Landan a watan Maris na 2024 har farashin tikitin hanyar ya sauko. Amma a lissafa min waɗanda suka mutu, Okada, ADC, Bellview, Sosoliso, Albarka, EAS, Chanchangi ɗin kansa, Arik ma sai da AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan bankuna da suka gagara biya, ta karɓe shi a 2017. Ɗan kasuwa yana sayen mai da tsada, yana biyan haya da inshora da kayan gyara da dala, yana sayar da tikiti da naira, bankuna suna bashi bashi da ruwa mai kisa, to ba zai kai jirginsa inda kujeru zasu tafi rabi ba kowa ba, kuma ba laifinsa bane. Shi yasa kowa ya taru a kan Legas da Abuja da Fatakwal da Kano, sauran garuruwa kuwa yau akwai jirgi gobe an soke.

Sannan maganar cewa gwamnati bata iyawa, Habasha ta ƙaryata ta. Ethiopian Airlines na gwamnati ne ɗari bisa ɗari, ya fara tashi a 1946, shekarar da aka kafa WAAC. Ƙasar ta ga juyin mulki, ta ga mulkin soja na gurguzu, ta ga yunwa da yaƙi, kamfanin yana nan da jirage sama da ɗari, yana da makarantarsa da garejin gyaransa, yana sauka Legas da Abuja da Kano da Inugu. Da aka rufe filin jirgin Abuja na sati shida a 2017, shi ne ya yarda ya koma sauka Kaduna lokacin da kamfanonin Turai suka ƙi. Sirrin ba wani boyayye bane, an bar ƙwararru suna tafiyar da shi, shugabanninsa a cikinsa suke tasowa su daɗe, jami'in gwamnati in zai hau sai ya biya. A gida ma ga Ibom Air na jihar Akwa Ibom da ya fara a 2019 yana ta aikinsa.

Abunda nake ganin ya kamata, gwamnati ta fara da hanyoyin kafin ta fara da jirage. A Amurka tun 1978 akwai tsarin da gwamnati take biyan kamfanoni tallafi dan su ci gaba da zuwa ƙananan garuruwa, Indiya ma ta ɓullo da irinsa wajen 2016 ta sa iyaka a kan farashin wasu kujerun. Mu ma a fitar da hanyoyi a fili, Legas zuwa Sakkwato kai tsaye, Legas zuwa Yola, zuwa Maiduguri, zuwa Katsina, zuwa Gombe, Kano zuwa Fatakwal, Kano zuwa Inugu, Kano zuwa Yamai, a ce wane kamfani ne zai ɗauka sau kaza a sati a kan farashi kaza, wanda ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta a bashi, in ya soke tashi ba dalili a yanke kuɗinsa, kuma a riƙa wallafa lissafin kowa ya gani. Ƙananan jirage masu kujeru hamsin zuwa saba'in sun isa wannan aikin, ai da Fokker aka yi shi a da. Abu na biyu garejin gyaran jirage babba, dan har yanzu mafi yawan babban gyara waje ake kai shi a biya da dala, kuɗin kuma a kan tikitinmu yake faɗowa, yaran da suke fitowa daga Zariya da takarda suna yawo ba aiki nan zasu samu wurin zama. Jigilar alhazai kaɗai, dubun dubatan mutane duk shekara wanda yanzu ake rabawa da kamfanin Saudiyya, ta isa ta riƙe wani ɓangare na wannan tsarin in an tsara ta da gaskiya.

In an yi wannan aka ga ya zauna, sannan a zo a yi zancen kamfani mai ɗauke da tutar ƙasa, kuma dokar da zata kafa shi ta fito ƙarara daga majalisa, minista baya naɗa shugaba baya cire shi, ba tikitin kyauta ma kowa ko waye, ma'aikatar da zata tura jami'inta ta biya kafin ya hau, a sayar da hannun jari a kasuwa yanda ɗan tireda a Agege ma zai iya sayen nasa ya samu bakin tambaya, a kuma rubuta cewa Kano cibiya ce ta biyu. 'Yan majalisarmu na Arewa da gwamnonin da suka kashe biliyoyi suka gina filayen jirgi a Dutse da Birnin Kebbi da Bauchi su ya kamata su fara ɗaga wannan maganar, tunda su suka fi kowa sanin sau nawa jirgin fasinja yake sauka a filayen nan a sati. Mu kuma shugabanninmu na nan, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, in 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a Mile 12 da Idi-Araba da Obalende, a saka wannan cikin abunda za'a tambaye su, a ce musu muna son jirgin da zai kai mu gida kai tsaye a kan kuɗin da zamu iya biya, kuma su faɗi ranar da zai fara.